Matan da Suka Amsa Ƙarfen Coci

Ranar Talata ce, damina ta yi tsaka. Na tashi biyar da rabi na buga ƙarfen coci sau uku don addu'ar safe, aikina ne shekara goma sha ɗaya. Ƙararrawar tamu tsohon ƙarfen tayar mota ne, rataye a jikin mangwaro. Ƙauyenmu yana bayan dutse, tafiyar awa guda a babur daga Jalingo. Aka shafa addu'a, maza suka saɓi fartanya suka wuce gonar doya, matata Rifkatu ta koma gida dama kunu. Ni na tsaya gyaran benci.

Sati uku kafin nan dattawan coci sun zauna, don an fara taɓa ƙauyukan da ke kusa. Aka yanke cewa in an ji ƙarfe ba tsayawa, kowa ya faɗa daji. Sai wani dattijo ya ce kada a gaya wa mata, wai za su firgita yara, magana ta kai kasuwa. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa kamar ƙadangare. Ɗaki ɗaya nake kwana da Rifkatu, sati uku cur ban buɗe baki ba.

Bakwai da kwata na ji babura. Na leƙa, ga su suna gangarowa daga dutse, uku-uku a kan kowanne, da bindigogi. Na ɗauki guduma na hau ƙarfen nan ba ji ba gani.

Mazan da ke gona suka gane, suka nutse cikin daji. Malamin makaranta ya gane, ya kwashe yara. Mata kuwa Talata ce ranar zumuntarsu. Suka ɗauka an matso da taro ne. Na hango su suna fitowa, suna gyara ɗaurin zanen zumunta, Littafi a hannu, suna sauri zuwa coci. Cocin kuma shi ne a bakin hanyar babura.

"Ku koma! Daji! Daji!"

Ƙarar babura ta cinye muryata. Sai harbin farko.

Wani ya fizge ni ta baya muka faɗa kwari. Dauda ne, maƙwabcina, wanda rabonsa da coci tun ranar aurensa, yana warin burkutun jiya. Na kai masa duka, ya hau bayana ya danne min baki a ƙasa.

"Kwanta!"

Harbi ya kai rabin awa. Daga nan sai ƙarar wuta tana cin rumbuna, da kukan awaki. Muryar mutum babu.

Muka ja ciki a cikin masara. Wajen tara muka haye rafi, ruwa iya ƙirji. Rana tsaka muka fito titi. Wani Alhaji mai motar gawayi ya tsaya, bai tambayi sunanmu ba, ya ce mu hau. La'asar ta same mu a harabar wata coci a unguwar Majidaɗi, cikin Jalingo. Na tsaya a bakin ƙofa ina duba fuskar duk wanda ya shigo, har aka daina shigowa. Rifkatu ba ta shigo ba, washegari labari ya zo cewa tana cikin waɗanda aka kashe.

Daga nan masu ba da haƙuri suka sa ni gaba. Kowa ya zama malamin Littafin Ayuba. Dattijon nan da ya hana a gaya wa mata ya dafa kafaɗata ya ce nufin Allah ne. Raina ya ɓaci har na kasa kallonsa. Ba Allah ne ya zauna a taron nan ba, mu ne.

Faston cocin da ya sauke mu ya kira ni, ya ce Ubangiji ya ceci gari guda ta hannuna, in tashi ranar Lahadi in ba da shaida.

Na ce, "Baba Fasto, hannun nan ɗaya ne. Shi ya kori maza, shi ya kira mata. Wanne ne aikin Allah a ciki?"

Ya ce hanyoyin Allah ba namu ba ne, kuma Rifkatu tana wurin Yesu. Na yarda tana can. Ban bar Yesu ba, ina dai fushi, kuma har yau ban san inda zan sauke fushin ba. Lahadi ta zo, aka kira sunana, ban tashi ba.

Washegari muka koma ƙauye da jami'an tsaro. Gawar mata shida muka tarar, tsakanin rijiya da coci. Biyar suna cikin zanen zumunta. Rifkatu da zanen aikin gida take, kuma ita ce ta fi kusa da gindin mangwaro.

Saratu, wadda ciwon ƙafa ya hana ta fita ran nan, ita ta gaya min. Ta ce Rifkatu ta wuce ta ƙofarta a guje, tana cewa wannan bugun ba na lafiya ba ne, bari ta je ta ga abin da ya sami maigida.

Muka haƙa rami shida. Nata ni kaɗai na haƙa.