Mai Ƙwanƙwasa Bayan Motar Kawu

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba, tsufa ya riga ya cim mani, mi zan ci da ƙarya yanzu?

A shekarun farko bayan samun mulkin kai ne, lokacin gyaɗa na gyaɗa, ina saurayi a Cadawa, ban daɗe da samun farmi ba, wato lasin tuƙi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, fataucin gyaɗa yake yi, wata kaka Allah ya buɗa masa ya je Maraɗi ya sawo akori-kura sabuwa dal, ya damƙa mani makulli. Ranar da na shigo da ita gari har guɗa mata suka yi, tsofaffi na shafa ta suna Allah ya tsare, ni kuwa ji nake ko kwamanda bai fi ni ba. Aikina in bi kasuwanni, Gazawa, Agye, wani lokaci har Cadakori, in kwaso buhuna in kawo.

To tun makon farko na lura da wani abu. Duk sa'ad da na tada inji na sa bitas, wato abin da mutanen ƙetare ke ce wa giya, kafin taya ta juya sai in ji ƙwas-ƙwas daidai bayan kaina, kamar yadda karen mota ke buga bodi in ya gama ɗaure kaya, wai direba mu tafi. Alhali ni kaɗai nake tafiya. Na ce ko jak ne ke rawa, na ɗaure shi, na duba ƙofar baya, na kwashe igiyoyi, na shiga ƙarƙashi na taɓa duk abin da hannu zai kai, amma ina! da na ce zan tashi sai ƙwas-ƙwas. Na faɗa wa kawu, ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, sabon takalmi ma kuka yake, balle ƙarfe."

Hankalina dai bai kwanta ba, don amana ce a hannuna, sai na kai ta Maraɗi wurin wani tsohon bakanike, Malam Idi, wanda tun zamanin Nasara yake cikin baƙin mai. Ya kasa kunne yana faɗa mani ɗaya bayan ɗaya, wannan ƙugin na birki ne bai goge ba tukun, wannan na sifirin ne zai daina in ya sha kaya. Na ce Baba, ba su nake nufi ba. Ya shiga da kansa ya ja ta, shiru. Ya ce in shiga, shi ya tsaya a baya ya ɗora tafinsa kan bodin. Ina sa bitas, ƙwas-ƙwas. Ta madubi na ga tsohon nan ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

Ya zo taga ya ce, "Ni ƙarfe na sani, wannan kuwa ba ƙarfe ba ne, hannu ne. Ya taɓa cutar da kai?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka riƙa yi masa sallama."

Da farko tsigar jikina kan tashi, amma ka san ɗan Adam da sabo. Sai ya zama in na shiga in yi bisimilla in ce, "Salamu alaikum, mu tafi?" in ji ƙwas-ƙwas, in ja. Wallahi har daɗinsa na koma ji, don hanyoyin lokacin jar ƙasa ce da rairayi, kana iya yin tafiya mai nisa ba ka haɗu da kowa ba sai makiyaya, ni kuwa ina tuƙi ina 'yar waƙata, ban taɓa jin ni kaɗai ne ba. Kaka ta yi kyau, kawu na murna, a cikin shekarar ma na yi aure.

Sai wata ranar kasuwar Gazawa, rana tsaka, zafi kamar zai tsaga kai. An gama lodi, na yi azahar, na shiga na yi sallamata na sa bitas, na ji shiru. Na ɗan dakata, shiru. Na ce a raina yau kuma mutumin barci yake, na fara sakin kuloci. Ai sai na ji DAM! kamar an maka wa motar taɓarya, duk ta girgiza, ƙafata ta zame, inji ya mutu. Na diro a fusace na zaci wani ne ya buge ni da amalanke, na zagaya ba kowa, sai mata masu tallan nono can gindin gawo sun zuba mani ido. Ban san abin da ya sa na sunkuya ba. Innalillahi! Wata 'yar jaririya ce mai rarrafe, da 'yan duwatsun ado a ƙugu, ta bi inuwa ta kwanta ta yi matashi da tayar baya, barcinta take sha, ga buhunan gyaɗa maƙil a samanta.

Na jawo ta waje. Uwarta, wata Bafilatana, ashe tun ɗazu take neman ta cikin rumfuna, ta taho a guje zane na faɗuwa, ta fizge ta ta rungume tana kuka tana dariya. Ta ce, "Malam direba, ya aka yi ka gan ta?" Na ce Allah ne. Ta cika mani ƙwarya da kindirmo, na zauna a ƙasa na kasa sha. Da na koma mota na ce, "Na gode." Sai ƙwas-ƙwas, a hankali.

Haka muka ci gaba har kaka ta zagayo ta sake zagayowa. Wata rana da hantsi, tsakanin Agye da Cadawa, mota ba kaya, sai na ji an buga bodi bugun tsayawa, irin na mai son sauka, ba da ƙarfi ba. Na taka birki. Wurin ba gari ba rijiya, gonaki ne an yi girbi sai karan dawa a tsaye. Ina zaune na ji bayan motar ya ɗago sama, sifirin ya yi ƙara, kamar wani mai nauyi ƙwarai ya sauka. Sannan na ga kara na rabewa biyu, ba iska ba komi, yana rabewa yana nisa har ya kai gindin wata kuka. Na leƙa ta taga na ce, "A sauka lafiya." Na sa bitas na jira, na jira. Daga ranar ban ƙara jin sa ba.

Na tambayi limaminmu, ya ce halittun Allah yawa gare su, in yi sadaka in kama bakina. Na yi sadakar. Amma har yau in na tuna cewa duk tsawon lokacin nan wani na zaune dab da ƙeyata yana kallon hanya tare da ni, ban san inda ya hau ba, ban san mi ya je yi gindin kukar nan ba, sai in ji sanyi ya bi mani baya.

Ku masu sababbin motoci, in kun ji ƙarar da ba ku gane ba ku kai wa bakanike, yawanci ƙarfe ne. Amma ko mi ya ce maku, kada ku ja mota ba bisimilla, kuma don Allah ku sunkuya ku duba ƙarƙashi kafin ku tashi, don ba kowa ne ake buga wa bodi ba.