Jijiyar Da Yaya Habu Ya Musa

Duk wanda ya san Yaya Habu wanzami ya san bai taɓa barin wuyan riga yadda tela ya ɗinka shi ba. Da an miƙa masa sabuwa, sai ya zaro aska daga zabira ya tsage ta har ƙirji. Wai jinin fuska ta gefen hanci yake gangarowa, ya tsallake muƙamuƙi, ya bi wuya ya sauka, saboda haka bai ga dalilin tare masa hanya ba.

Ni ce ƙanwarsa, ciki ɗaya. Kuna ta dariya in an ambace shi, ni kuwa da na sha shi, dariyar ba ta zuwa mini da sauƙi.

Ɗansa Sani, mai aikin gwamnati a unguwar Takur ta Dutse, ya taɓa ɗinko masa shadda ta Sallah, wuya ya sha aiki. A gaban matar Sanin ya farke ta. Sani ya ce don Allah Baba ko gwadawa ka yi tukuna. Ya ce, "Riga ka kawo mini ko igiyar akuya?"

Ranar da maigidana ya rasu, ina zaune na sunkuya ina kuka, sai na ji yatsa a haɓata. Shi ne. Ko gaisuwa bai yi mini ba, ya ce in ɗaga kai, jini zai kwanta mini a kunci. "Wanda ya tafi ya tafi, Auta. Ke kuma kar ki kumbura mana." Wannan ita ce ta'aziyyar da na samu daga ɗan'uwana.

To, damina ta shigo maruru ya fito masa a gefen karan hanci. Na ce ya bar shi ya nuna, ko mu je asibiti. Ya ce shi da ya yi wa rabin kasuwar Jahun ƙaho ba zai kai fuskarsa wajen yara ba. Ya riƙe gutsuren madubi, ya tsaga da askarsa, ya matse da yatsu biyu. Na riƙe masa hannu, ya fizge. Cewarsa ko dattin ya shiga jini, ƙasa zai yi.

Bai yi ƙasa ba. Zazzaɓi ya rufe shi, ido ya kumbura ya turo, kai kamar zai tsage. Sai da ya kasa tsayuwa sannan ni da Sani muka sa shi a mota zuwa Dutse.

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta ce maganarsa ta wuya gaskiya ce, amma akwai wata jijiya a lungun ido da ke haɗe da ta hanci, tana bi ta bayan ido ta shige cikin kai, kuma ta nan dattin ya bi. Ya buɗe idon da ya rage masa ya dube ta.

"'Yata, ruwa yana hawa tudu?"

"Wannan yana hawa, Baba."

Ya juya mata baya. Ya sha allura, ya sha ƙarin ruwa, amma mun makara. Har ya cika bai ce ta yi gaskiya ba, balle ni.

Mu biyu muka rage a gidanmu, yanzu ni kaɗai ce, saboda ƙurjin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Haushinsa bai sake ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ba ni da wani yayan. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa taurin kai, Ya sa ya huta. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya kafin in tarar da shi.