Raɗar Maigidana

Maigidana bai iya raɗa ba. Yana yi dai, har da sunkuyowa da kare baki da tafin hannu, amma abin da ke fitowa maƙwabta na ji ta kan katanga. Shekarun da ya yi yana gyaran injinan saƙa ne suka cinye masa kunne, shi da duk abokan aikinsa. A Gyaɗi-Gyaɗi in ka ji dattawa biyu suna ɗaga murya a ƙofar masallaci kamar za a ba hammata iska, kada ka wahalar da kanka zuwa rabo, mutanen masaƙa ne ke gaisawa.

Lokacin da masaƙar ke aiki abin bai dame mu ba. Motar kamfani kan tsaya a bakin titi da sassafe, su jeru da shuɗin kayansu, kowa ya sayi koko da ƙosai a wajen wata Iya da ke suya a gindin darbejiya, su shige su tafi. A can ciki ba a magana da baki saboda ƙara, da hannu suke yi. In mutum ya dafa kafaɗarsa, manya na tafe. In ya juya yatsa a iska, inji ya tashi, komai lafiya. In ya kama leɓɓansa da yatsu, to a yi shiru. Ni ma na koya, don in ina madafi yana tsakar gida ya fi mini sauƙi in ɗaga hannu da in tsaya ina tsage maƙogwarona.

A ƙarshen mulkin soja masaƙar ta mutu. Ba rana ɗaya ta mutu ba. Wuta ta ƙi zama, atamfar waje ta cika kasuwa, aka rage ma'aikata, aka sake ragewa, ranar nan suka jeru motar ba ta zo ba. Iya ta yi 'yan kwanaki tana soya ƙosai yana hucewa a faranti, daga baya ta kwashe kaskonta.

Babu abin da Malam, maigidan nawa, bai gwada ba. Ya hau acaɓa, sai ga shi ba ya jin hon, wata bas ta watsar da shi a kwata, Allah ya sa da sauran kwana. Aka samar masa gadi, mai gidan ya gane cewa ko ƙofar aka cire aka tafi da ita mai gadinsa ba zai juyo ba. Shi da abokansa suka harhaɗa wani tsohon injin niƙa suka kafa a ƙofar gidanmu, kafin mako ya zagayo mai unguwa ya zo da kansa ya ce jama'a sun kasa jin kiran salla. Ranar da aka kashe injin nan Malam ya shigo ya zauna a kan turmi ya ce, "In kaka ta yi ban sami abin yi ba, za mu sayar da gidan nan mu koma ƙauye."

Na ce wane ƙauyen? Ni a unguwar nan aka yanke mini cibiya, a nan uwata take kwance, babbar 'yata tana sakandare tana ƙoƙari. In je in yi me a garin da ban san ko hanyar rijiyarsa ba? Na faɗa da baki, na faɗa da hannu. Washegari ya aro buhuna a wajen maƙwabciyarmu ya ce in fara haɗa kaya. Na zuba kwanuka da tukwanen da ba na amfani da su ina ƙunƙuni, na ɗaure bakin buhunan sako-sako, na jingine su a zaure. Kullum na wuce sai na harare su.

Abin da ya rage wa su Malam shi ne siton. A Tarauni, bayan kasuwa, akwai wani dogon sito da kamfani ke tara dilolin yadi a da. Filin na hukuma ne, haya kamfani ke yi, da ya tafi sai wurin ya zama juji, awaki na kwana a ciki, yara na shan abin da suke sha a bayansa. Mutanen masaƙa suka ce in an ba su, za su haɗa babban janareta ɗaya, kowa ya ja wuta ya kafa injinsa, ba mai cewa sun hana shi barci. A zamanin soja wa zai tunkari ofis da irin wannan magana? Amma ga shi an koma farar hula, mun sha rana a layi mun zaɓi ciyaman da hannunmu, har an ce zai zo makarantar firamare ya saurari jama'a kan maganar siton, don wani Alhaji ma yana so ya gina gidan mai a wurin.

Tun a gida na ja masa kunne, ɗan abin da ya rage. Na ce, "Malam, don girman Allah, in mun je ka bar shugabanku ya yi magana. Kai dai ka zauna." Ya gyaɗa kai kamar gaske.

An kafa rumfa a filin makaranta, maza a gefe, mu mata a kan bencinan 'yan aji a ɗaya gefen. Ciyaman ya iso, yaro ne matashi, babbar riga tana ɗaukar ido, ɗan sanda a bayansa. Aka jingina wani allo mai zanen gidan mai, har da furanni a bakin titi. Shugaban su Malam ya miƙe ya faɗi buƙatarsu cikin ladabi, ya zauna. Sai ciyaman ya karɓa, yana Hausa yana sirkawa da Turanci, ci gaba kaza, zamani kaza, yana nuna allon da sanda. Duk mai hankali ya gane inda aka dosa. Na fara tunanin buhunan zaure.

Malam kuwa ba abin da yake ji. Ido kawai ya zuba wa fuskar yaron, yana karkata kai. Can na ga ya sunkuya wajen abokinsa, ya ɗaga tafin hannu ya kare baki. Na kama leɓɓana da yatsu, na ɗaga hannu sama ina kaɗawa, ina! Ba ni yake kallo ba.

"Wannan ba ɗan Iya mai ƙosai ba ne?" in ji raɗar, har bangon aji yana amsawa. "Wanda ke zuba mana yaji yana jan majina? Ikon Allah. Da ƙosanmu aka yi masa boko, yau shi zai ba da siton a sayar da fetur."

Wurin ya yi tsit. Sandar ciyaman ta tsaya a kan furannin. Ɗan sandan ya gyara tsayuwa, ni kuwa na tuna ba a daɗe ba da muka ga an sa wani magidanci tsallen kwaɗo a bakin titi kan abin da bai kai wannan ba. Na duba ɓangaren maza, duk mutanen masaƙa sun kama leɓɓansu da yatsu suna zare masa ido. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Mene ne? Ai a hankali na faɗa."

Wata tsohuwa a bayana ce ta fara sakin dariya, sai benci ya ɗauka, sai rumfa gaba ɗaya. Har Alhajin gidan mai ya sa hula ya rufe fuska. Ciyaman bai yi dariya ba. Ya ciro hankici ya share goshi, ya ce, "Mun ji, za mu duba." Kowa a garin nan ya san ma'anar za mu duba. Aka shafa fatiha.

A gida na sauke masa kwandon masifa. Na ce ka kashe mu, ka kashe abokanka, mutum ya roƙe ka abu ɗaya tak ka kasa. Na yi da baki, da na ga wani yana wuce shi na ƙara da hannu don kada ya yi asarar ko kalma. Ya tashi ya je zaure ya warware ɗaurin buhunan nan ya sake ɗaure su tamau. Daga ranar ya daina magana. In yana son ruwa ya nuna, in an gaishe shi ya ɗaga hannu. Gidan da muryarsa ke cikawa ya koma kamar na makoki, ni da nake ƙorafin ihu na rasa sukuni. Wallahi na yi kuka, kuma haushin kaina na ji fiye da nasa.

Da na ga zama ba zai yi ba, na ɗauki mayafi na tafi Babban Giji, inda aka ce Iya take zaune yanzu a gida mai get. Ta zama Hajiya, ta yi ƙiba, amma tabon mai yana nan a hannuwanta. Na durƙusa na ce na zo ba da haƙuri ne kan abin da maigidana ya yi wa ɗanta a bainar jama'a.

Ta ce, "Wanne ne a cikinsu? Dogon nan mai neman gyara da ihu kamar ana bin sa da gudu?"

Na ce shi ne, Hajiya.

Ta yi ta dariya har tana share hawaye da gefen zane. Ashe labari ya riga ni. Ta ce, "To ƙarya ya yi? Majinar ce dai bai kamata ya tona ba." Sai kuma dariyar ta ɗauke. Ta ce ranar da motar nan ba ta zo ba, ita ma ba ta san inda za ta sa kanta ba, kuma har yau in ta wuce darbejiyar nan ba ta iya kallon wurin. Na ɗauka za ta ce za ta yi wa ɗanta magana. Sai cewa ta yi, "Tashi ki je, 'yar nan, ni ba na shiga sha'anin ofis. Ki gaishe shi." Na fito ban san ko na yi riba ko na yi asarar kuɗin mota ba.

Har yau ban san me ya juya al'amarin ba. Wataƙila uwa ce ta kira ɗanta ɗaki. Wataƙila kuma 'yan acaɓa ne, da suka riƙa yi wa motarsa kirari da ɗan mai ƙosai duk inda ta gifta, shi kuma ya tuna akwai wani zaɓen a gaba kuma mutanen masaƙa suna da mata da 'ya'ya. Abin da na sani, ana gab da yankan gero kansila ya yi sallama a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Ya ce an raba: bakin titi na Alhaji, siton da filin bayansa na mutanen masaƙa. Malam yana kallon bakinsa bai gane ba. Na leƙo daga zaure na juya masa yatsa a iska. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa takalmi ya bi kansila.

Mu mata muka share siton, mun kwashe abin da baki ba zai faɗa ba. Maza suka yi ta jigilar ƙarafa daga wajen 'yan gwangwan, suka tsinto wani mataccen janareta suka baje shi a ƙasa gunduwa-gunduwa. Wanda ya je wurin yau ba zai yarda juji ba ne a da. Ga masu niƙa, ga masu casar shinkafa, ga masu matsar man gyaɗa, ga 'yan walda, da aka kawo a-daidaita-sahu masu gyaranta ma suka sami lungu. Motoci na shigowa daga ƙauyuka da shanshera mai ƙaiƙayinta su fita da farar shinkafa, kuma a gidan man Alhaji ake sayen gas, shi ma bai yi asara ba. Masu abinci sun dawo, har da mai ƙosai. Samarin da kunnensu garau sun koyi maganar hannu, don ba a jin juna a ciki. Ba masaƙa ba ce, babu albashi babu asibitin kamfani, kuma wasu daga cikin waɗanda suka zauna a rumfar nan ba su kai ga gani ba, Allah ya ji ƙansu. Amma in ka hau mota ka ce a sauke ka a Masaƙa, nan za a kai ka, wurin da ba a taɓa saƙa ko zare ɗaya ba. Ciyaman kuwa da zaɓe ya zagayo, da bakinsa ya riƙa cewa shi ɗan mai ƙosai ne, ana tafi.

Duk wannan daga baya ne. A lokacin, makonni suka yi ta wucewa janareta ya ƙi tashi, kaka ta yi, buhuna suna zaure, Malam bai ce a kwance ba, ni kuma na ƙi tambaya. Ya fita da safe, ya dawo ya yi wanka ya ci tuwo a shiru.

Ranar nan kafin magariba ina tankaɗe a tsakar gida ya shigo, baƙi ƙirin da mai tun daga goshi har ƙafa, idanunsa kaɗai ke haske. Yara suna zaune a tabarma. Ya dube su, kamar mai abin da bai kamata su ji ba, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya sunkuyo, ya kare baki da tafin hannu.

"Ya tashi," in ji shi. "Kwance kayan nan, ba inda za mu."

Rariyar ta kusa suɓuce mini. Kafin in buɗe baki maƙwabciyarmu ta amsa ta kan katanga, "Alhamdu lillahi, mun ji. In an kwance a miƙo mini buhunana."

Ya dube ni yana tambaya da ido me aka ce. Na ce masa ba komai, ya sake faɗa, ban ji da kyau ba.