Shafin da Ba Ya Cikin Sabon Bugu

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata a Kuala Lumpur sun fara dusashewa a kaina, amma ranar da na kai littafin katun na Abba makaranta ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ko yanzu da na kusa gama sakandare, in na tuna ta sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina aji huɗu na firamare. Muna zaune a wani dogon bene a Bukit Jalil, Abba yana karatun digirinsa na uku, Umma kuma tana dafa shinkafa da miya ɗaliban Najeriya suna zuwa suna tapau, wato su saya a ƙunshe musu su tafi da ita. Ni ba mai magana ba ce. A aji ina zama gefen taga, na san wa yake cin farcensa, na san wa yake sake sa safar jiya, amma in Cikgu, wato malamarmu, ta kira sunana, sai muryata ta maƙale. Ni kaɗai ce baƙar fata a ajin. Ƙawata guda ɗaya ce, wata 'yar Malay mai ɗan gibi, wadda kullum take tura mini rabin ƙwan da ke cikin abincinta.

Abba yana da wani rauni da duk gidan muka sani: tsofaffin littattafan katun na yaran Ingila. Ya ce da su ya koyi Turanci yana yaro a Kano, a gidan wani malaminsu da ke tara su a kwali. Labaran yara ne masu ƙiriniya da danƙon harbi a aljihu, da malami mai bulala, da ɗan sanda mai doguwar hula da kullum yake faɗawa cikin kwata. Da ya ji an fara sake buga su, sai ya riƙa yin odarsu ta waya. In suka iso, mutumin da yake yini yana haɗa rai gaban kwamfuta zai kwanta a kan kafet yana dariya har hularsa ta faɗi. Umma takan ce, "Kai dai Allah ya shirya, dakta guda da littafin yara." Shi kuma ya ce, "Ba za ki gane ba, wannan ƙuruciyata ce aka dawo mini da ita."

Ni ma na so su. Ina son yadda ake zana gumi yana tsalle daga kan mutum, da ɗan ɓeran da mai zanen yake ɓoyewa a kusurwa ba don komai ba. Akwai wani babba mai kauri da na karanta har na haddace.

Wata rana Abba ya dawo daga unguwar Sentul yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. A wani kedai, wato shago, na wani tsoho Ba'indiye mai sayar da tsofaffin littattafai ya samu ainihin tsohon bugun wannan babban littafin, irin wanda ya riƙe da hannunsa yana yaro. Takardunsa sun koma launin shayi, yana warin ɗaki mai danshi. Ya sa shi a leda ya ɗora saman kwaba, ya ce kada wanda ya taɓa. Da na roƙe shi in duba, ya ce, "Duk ɗaya ne da naki, Mamana. Ki karanta sabon, wannan na ajiya ne."

Sai ga shi Cikgu ta ce kowa ya kawo wani abu na ƙuruciyar iyayensa ya nuna wa aji. Na so in ɗauki sabon bugun da na sani ciki da bai. Abba ne ya hana. Ya hau kujera da kansa ya sauko da tsohon, ya ce, "A'a, kai musu na asali, su ga tarihi." Umma ta naɗe shi a wani ɗankwali da ta saya a Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ban buɗe shi ba. An ce mini duk ɗaya ne, kuma ina tsoron in yaga wani abu.

Na tsaya gaban aji, na faɗi 'yan jimlolin da na haddace: cewa babana da irin wannan ya koyi karatu, cewa littafin ya girmi iyayen kowa a ajin. Har an tafa mini. Cikgu ta ce a zagaya da shi a hankali, kowa ya gani. Na koma kujerata ina jin wani daɗi da ban saba da shi ba.

Daga bayan aji dariyar ta fara. Ƙaramar dariya ce da farko, irin wadda ake toshewa da hannu, sai ta bazu. Wani yaro mai tsayi, wanda ba ya wuce minti guda bai tsokani wani ba, ya miƙe ya ɗaga littafin sama a buɗe.

Ban taɓa ganin shafin ba. An zana wasu baƙaƙen mutane, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, da manyan leɓɓa jajaye da suka cinye rabin fuska, da ƙashi a tsakiyar gashi, da ɗan bante na ciyawa. Suna rawa sun kewaye wata ƙatuwar tukunya a kan wuta, a cikinta kuma ga wani Bature zaune da hularsa. Idona ya sauka kan wata ƙaramar yarinya a gefe, an yi mata 'yan kitso tsaye, tana lasar cokali. Ranar ni ma Umma ta yi mini kitso irin mai tsayawa.

"Kai, ga ƙauyenku!" in ji yaron. "Wannan kawunki ne ko babanki?"

Wani ya fara buga tebur kamar ganga. Wani ya tura leɓɓansa waje. Na juya wajen ƙawata, na ga ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe baki, kafaɗunta suna motsi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na dubi Cikgu ina jira. Ta karɓi littafin ta kalli shafin, na kuma ga gefen bakinta ya ɗan motsa kafin ta daidaita shi. Ta ce, "To, ya isa, ku zauna." Sannan ta juyo gare ni da murmushi. "Tsohon katun ne kawai lah. Wasa ne. Kada ki zama mai saurin fushi."

Har yau wannan maganar ce take tafasa ni. Ba ta ce wa yaron komai ba. Ni da aka yi wa, ni aka ja wa kunne.

Lokacin cin abinci abin ya fita daga ajinmu. Duk inda na bi sai in ji, "Hattara, za ta makan ku!" wato za ta cinye ku. Yara suna janye hannuwansu suna ihu. Na zauna bayan ɗakin sallah da abincina a cinya, ban iya buɗe shi ba.

Da na koma gida ban gaishe da kowa ba. Na shige ɗaki na ɗauko sabon bugun, na jera su biyu a kan gado, ina juya shafi ɗaya nan, ɗaya can. Komai ɗaya ne, har ɗan ɓeran. Sai da na zo wurin. A sabon, an cire wancan shafin, an sa wani wasan nemo hanya a madadinsa. Na duba farko, na duba ƙarshe, ko za a ce an cire wani abu, ko a faɗi dalili. Babu ko kalma. Masu buga littafin sun share shi shiru, sun sa bango mai ƙyalli, sun sayar wa babana.

Abba ya shigo bayan la'asar yana fara'a. "Ina 'yar tarihi? Sun sha mamaki ko?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba kafin ranar. Na buɗe shafin na tura masa. "Ka ce duk ɗaya ne."

Ya kalla, har ya fara murmushi, irin na wanda ya haɗu da tsohon sani. "Af, wannan! Ai na ma manta da..." Sai ya ga fuskata ya tsaya.

"Ka san da shi, Abba?"

"Na sani, amma ai..."

"Ka sani ka ba ni na kai? Yanzu duk makaranta cewa suke ina cin mutane. Wallahi ba zan koma ba. Ba zan sake taka makarantar nan ba!"

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta leƙa littafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Innalillahi. Wannan ne abin da kake wa dariya har hula na faɗuwa?"

Abba ya zauna bakin gado. Ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. A hankali ya ce, "Muna yara mun yi ta dariyar shafin nan, mu duka. Ba mu taɓa ɗauka mu ake nufi ba. Mun zaci wasu mutane ne can cikin wani daji."

"Wane dajin?" in ji Umma. "Kai da muka sha yawon neman gidan haya a garin nan, ana ganin fuskarka ana cewa an riga an kama? Su ma tambayarka suka yi daga wane daji kake? Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai."

Ya tashi ya fita, ya dawo da reza. Ya kwantar da littafin da ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ɗora bakin rezar a gindin shafin. "Bari in cire shi, shi ke nan. Ki yi haƙuri, Mamana."

Ban san lokacin da na dafe shafin da tafin hannuna ba. "Kada ka yanke."

"Ba shi ne ya ɓata miki rai ba?"

"Su ma haka suka yi. Sun yanke sun yi shiru, shi ya sa ban sani ba. In ka yanke, gobe cewa za a yi ma babu abin da ya faru."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce zai bi ni makaranta ya ga shugabar da kansa. Na ce a'a. Fushin da nake ciki ya fi ƙarfin in ɓuya bayan rigar kowa, balle tasa.

Washegari na sa littattafan biyu a jaka. Ina shiga aji wani ya ce, "Ku ɓoye hannuwanku!" Ban kalle shi ba. Na jira Cikgu ta zauna ta buɗe rajista, sai na tashi ba tare da an kira ni ba, abin da ban taɓa yi ba. Ajin ya yi tsit don mamaki kawai. Na ajiye tsohon a buɗe a kan teburinta, na ajiye sabon kusa da shi.

"Cikgu, wannan shi ne sabon da suka sake bugawa. Ki nemo mini shafin jiya a ciki."

Ta ɗaga gira, amma ta fara juyawa. Ta kai ƙarshe, ta dawo. Ina kallon yatsanta, akwai ɗan jan biro a gefen farcen. Ta ce, "Babu shi."

Muryata tana rawa sosai, amma ta fito. "Kin ce wasa ne. In wasa ne, me ya sa masu littafin da kansu suka ji kunya suka cire?"

Ina jin ƙarar fanka a sama. Cikgu ta rufe tsohon littafin a hankali, wuyanta ya yi ja. Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma har na bar makarantar ba ta taɓa ba ni ba. Abin da ta yi shi ne ta juya ga aji ta ce duk wanda ta sake jin wannan maganar a bakinsa, iyayensa za su zo. Ta kira yaron nan mai tsayi da cikakken sunansa, ta sa shi ya tsaya har ƙarshen darasi.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. A baranda an ci gaba da raɗa na ɗan lokaci kafin a gaji. Ƙawata ta same ni lokacin cin abinci idonta cike da hawaye, ta ce ba ta san me ya sa ta yi dariya ba. Na ce mata ni ma ban sani ba, na ɗauki abincina na koma wani benci. Sai da aka kusa hutu muka sake zama tare, kuma ba kamar da ba. Amma ban bar makarantar ba, kuma daga ranar in aka kira sunana a aji, ina amsawa.

Abba bai daina son littattafansa ba, ni ma ban ce ya daina ba. Ƙuruciyarsa ce, ba shi da wata. Har gobe ina fushi da waɗanda suka zana mu haka don yaransu su yi dariya, ina kuma fushi da waɗanda suka zo daga baya suka share ba su ce uffan ba. Abin da na koya shi ne, in mutum ya ce miki zamanin da ya fi daɗi, ki tambaye shi wa ake wa dariya a lokacin. Kuma in aka ce miki wasa ne, ki duba wa yake dariya, wa kuma aka ce ya yi shiru. In ke ce aka ce ki yi shiru, to ki tashi ki yi magana, ko da muryarki tana rawa.