Leshin Baturiya

A gidanmu na Dilimi akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon kakata, mahaifiyar babana. Dukanmu jikokinta mun san abin da ke ciki tun kafin mu taɓa ganinsa da ido. Leshi ne fari, dogon ƙyalle guda, a naɗe cikin tsohon zane tare da kafur.

Labarin leshin a bakin Goggo muka ji shi, ƙanwar babana, wadda ba ta taɓa barin labari ya fita daga bakinta da girman da ya shigo ba. Kakana kuku ne a gidan wani Bature mai kula da ramukan kuza. Da lokacin komawarsu gida ya yi, in ji Goggo, sai matar Baturen ta aika aka kira Kaka, ta rungume ta tana kuka, ta ba ta leshin rigar da ta sa ranar aurenta. Ina aji uku leshin daga Ingila kawai ya zo. Kafin in gama sakandare ya zama aikin hannu, kuma masu yi wa gidan sarautar ƙasarsu ɗinki ne suka saƙa shi. Ita Kaka ban taɓa jin ta ba da labarin ba. In Goggo ta fara, sai ta ci gaba da tsince wakenta, mu kuma muka ɗauka kunya ce irin ta mutanen da.

Ina da shekara ashirin da takwas, ina koyarwa a wata firamare a Rikkos, aka sa ranar aurena. A lokacin yayin dina ya kama Jos sosai. Ko an yi walima an yi komai, in amarya ba ta sa doguwar riga ta yanka kek ba, ƙawaye sai su ce bikin bai ƙarasa ba. A shagon da nake zuwa wanke kai akwai mujallun amare da aka shigo da su daga waje, kuma a shekarar duk sun koma tsohon yayi: leshi har wuya, hannu har wuyan hannu, babu inda fata ta fito. Na duba na ga Turawa sun sha wahala sun kewayo sun iso daidai dokar babana. Shi ya riga ya ce zai bar ni in yi dina in dai rigar ta rufe ni ruf. Sai na tuna muna da tsohon yayi na gaske a ƙarƙashin gado.

Na yi kwana biyu ina shirya yadda zan roƙi Kaka. Da na furta, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce makullin na cikin gwangwanin allurarta, in ɗauka. Goggo ce ta yi kukan da ya kamata a yi. Ta ce wannan rana matar Baturen ta hango.

Telar da na zaɓa wata 'yar Ibo ce da kowa ke kira Madam. Ita ke ɗinka wa amaren coci riguna, kuma ita ta ɗinka mini yunifom ɗina na farko, lokacin shagonta na bakin layinmu. Bayan rikici ta kwashe kekunanta ta koma can gaba da Tina Junction, amma matan unguwarmu ba su daina binta ba, saboda telolinmu maza in ka ba su doguwar riga sai su yi maka babbar riga mai ƙugu. Madam na jin Hausa sarai, sai dai kowa a wurinta namiji ne. Ni ma "kai" nake tun ina yarinya.

Na hau acaɓa da ƙullin a cinyata kamar na ɗauko jariri. A shagon na shimfiɗa shi a kan teburin yanka, na fara ba ta labari yadda Goggo ke bayarwa, ban rage ko kukan baturiyar ba. Madam ta saurare ni har ƙarshe. Ta sa tabarau, ta bi bakin ƙyallen da yatsa, ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ta juya ɗaya gefen. Sannan ta ɗauki sandar awo ta zura ta cikin wani dogon lanƙwasa da ke saman leshin. Sandar ta shige sumul ta fito ta ɗaya ɓangaren.

"Yarinya na, ka gani? Nan ne ana sa ƙarfe. Wannan labule ne."

Na ce mata wataƙila irin ɗinkinsu na da ne. Ba ta yi musu ba. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan ƙyallen, na ji wasu 'yan abubuwa masu nauyi a jere cikin kalmasa. Ta ce dalma ce, don kada iska ta riƙa ɗaga shi. Ta nuna mini wasu dogayen layuka da suka fi sauran yin ja, ta ce nan ne rana ta yi shekaru tana duka ta taga. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin amaryar da ta tsaya a rana har haka ba.

Ina jin ta ga yadda fuskata ta koma, don sai ta jawo mini kujera ta shiga ba ni tarihi. Ta ce tana yarinya a garinsu wasu sistocin mishan sun koya musu saƙar leshi da hannu. Ana kafa ƙananan allurai a kan matashi, a riƙa wuce zare da 'yan sanduna ɗaya bisa ɗaya, ka wuni kana yi abin da ka samu bai kai tafin hannu ba. Sistocin sun ce a ƙasashensu haka mata talakawa suka yi ta yi har idanunsu suka lalace, masu hali kuma su sa a wuya da bakin hannu don a san su waye. Daga baya aka ƙera inji, leshi ya yi yawa har ya rasa daraja, suka fara rataya shi a taga suna rufe tebur da shi. Sai kuma 'yan kasuwarmu suka gano hanyar Siwizalan da Ostiriya, aka riƙa yi mana namu da inji musamman, mu kuma muka mayar da shi abin da in babu shi a lefe sai an yi taron dangi. Ta buɗe durowa ta fito da wani ɗan ƙyalle da ta saƙa da hannunta tun tana 'yar makaranta, ta ajiye kusa da nawa. Nata furannin ba su yi daidai da juna ba. Nawa kuwa kowane fure sak ɗan'uwansa, daga farko har ƙarshe. Ta ce inji ne kaɗai ba ya kuskure.

Sannan ta ce amma labule ne mai kyau, yanzu ba a yin irinsa, kuma in na yarda za ta yanke wuraren da rana ta ci ta fitar mini da riga. Na ce zan yi shawara.

Da na koma gida na tarar Kaka ita kaɗai a ɗaki. Na rufe ƙofa, na zauna a bakin gado, na rasa ta inda zan fara. Ina tsoron in karya wa tsohuwa abin da ta riƙe shekara da shekaru. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wai Madam na ganin kamar leshin ya taɓa yin wani aiki kafin ya zo hannunmu.

"Labulen falo ne," in ji Kaka. "Ni nake wanke shi duk wata."

Na tsaya ina kallonta. Ta ce biyu ne ma. Da Turawan za su tafi akwatunansu suka cika, matar ta ce wa kakana ya kwashe abin da ya rage, har da wata tukunya mai murfi. Ɗaya labulen ita Kaka ta yayyanka shi ta yi shekaru tana tace ƙullun koko da shi, kuma ba ta sake samun matacin da ya kai shi ba. Na tambaye ta batun kukan. Ta ce matar ta yi kuka kam, amma saboda karenta ne da aka hana ta tafiya da shi.

Na ce to me ya sa ta bar mu muna ta yawo da labarin rigar aure. Ta ce Goggo ce ta ƙirƙiro shi tana 'yar firamare, ranar da wata 'yar ajinsu ta zo tana alfahari babanta ya sayi rediyo. Ta dawo gida tana ba da shi da daɗi har Kaka ta ga babu amfanin katse ta. Daga baya kuma labarin ya girma ya fi ƙarfin a taɓa shi. Na tambaya ko Goggo ta san gaskiya. Kaka ta ce da dai ta sani, amma yanzu ba ta jin tana tunawa.

Na yi fushi na kwana ɗaya. Washegari na lissafa abin da ya rage mini: biki saura mako biyar, kuma na riga na gaya wa duk malaman makarantarmu cewa da leshin baturiya zan yi dina. Na koma wurin Madam na ce ta yanka.

Sau uku na je gwaji. Ta yi masa shafi da yadin satin mai ruwan madara, don leshin ya daɗe da barin fari. Ta cire dalmar ta zuba mini a ambulan. Wuyan ya hau har maƙogwaro, da 'yan maɓallai a jere a baya. Hannayen ne suka ba ta wahala, don ƙyalle mai lafiya bai isa ba, dole ta haɗa da wani yanki da rana ta ɗan taɓa. Ta gargaɗe ni kada in ɗaga hannun dama sama da kafaɗa. Babana ya duba rigar a rataye ya ce wannan ita ce suturar mutunci, ashe Turawan da sun fi na yanzu tarbiyya.

Ranar dina aka cika wani ɗakin taro da yamma. Dangin mijina sun zo daga Abuja cikin leshi masu duwatsu, irin wanda in mace ta motsa sai ya yi ƙara. Da na shigo sai na ga yayarsa ta bar kujerarta ta zo tana shafa hannun rigata. Ta tambayi inda aka samo, kafin in buɗe baki Goggo ta iso. A wannan yammacin ne na fara jin cewa baturiyar ta so ta tafi da Kaka Ingila, kakana ne ya hana. Kaka na zaune a teburin gaba tana fama da cinyar kaza.

Na kiyaye gargaɗin Madam har aka yanka kek. Sai mai gabatarwa ya ce amarya ta ba ango a baki. Mijina dogo ne, kuma bai ga dalilin sunkuyawa ba. Na ɗaga hannu, na ji wani ɗan sauti a ƙarƙashin hammata kamar an yage takarda. Na sauke hannun na manne shi a jikina, na tsaya ina murmushi kamar mai riƙe da jarida a hammata.

Madam na cikin baƙi, sanye da ankonmu. Ban ma neme ta ba na ga ta taso da jakarta. Ta ce wa ƙawayena amarya za ta gyara kwalliya, ta ja ni wani ɗan ɗaki a bayan dandamali inda aka tara kujeru. Allurar ta riga ta zura mata zare tun daga gida. Tana ɗinki ina tsaye da hannu a sama, na ce ashe ta san zai yage.

"Na sani mana. Shekara nawa yana taga? Yau ne ya fara zuwa biki."

Muka yi dariya har sai da ta soke ni. Na koma na ƙarasa dina da mayafi a kafaɗar dama, mutane suka ce salon ya yi kyau.

Bayan wata biyu yayar mijina ta kira ni a waya. 'Yarta za ta yi aure, kuma irin rigata take so. Ta ce ta san ba za a samu na asali ba, ta duba har Dubai, amma ko mai kama da shi. Sai na haɗa ta da Madam. Madam ta karɓi aikin. Ta shiga kasuwa layin masu labule, ta zaɓo mai ƙananan furanni, ta jiƙa shi a ruwan shayi ya kwana biyu har ya yi launin tsufa. A shekarar nan riga huɗu ta ɗinka irin wannan, biyu na coci biyu namu. Ta ce mini ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, duk wadda ta tambaye ta sunan leshin takan ce tsohon yayi ne, kuma babu wadda ta taɓa tambaya fiye da haka.

Mijina sai da muka shekara na gaya masa. Ya saurara, sannan ya roƙe ni kada in bari yayarsa ta ji, don ta riga ta ba wa mutanen ofishinsu labarin, kuma a nata labarin baturiyar ta musulunta kafin ta rasu.