Kwamfutar da Malam Mikail Ya Saya da Nauyi

Duk unguwar Shahuci babu wanda bai san Malam Mikail Isiyaku ba, har wanda bai nemi saninsa ba. Malamin lissafi ne a wata sakandare, ɗan marigayi Alhaji Isiyaku mai fata na Kasuwar Kurmi. Bai gaji rumfa ba, bai gaji haƙurin uban ba. Abin da ya gada shi ne tabbacin cewa kowane irin kaya, in ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa, ya gama sanin darajarsa. Haka yake sayen kankana, haka yake sayen rago, haka ya sayi rediyo. Da ana ɗaga mata, wallahi da sai ya ji nauyin Halima kafin a ɗaura musu aure.

Shekarar da sojoji suka koma bariki kowa ya tashi da nasa burin. Wani kansila yake so ya zama, wani kwangila yake nema. Shi Mikail cewa ya yi zai rubuta tsarin da ke tuƙa kwamfuta, wanda yake fara tashi da zarar an kunna ta, kuma nasa da Hausa zai yi magana. Mutumin da ba shi da kwamfutar fa! Shekara uku yana cika littattafan 'yan makaranta da lambobi. Ƙanwarsa Bahijja, da ke buga takardu a wani shagon kwamfuta, ita ta yi wahalar shigar masa da su ta zuba a faifai. Gwadawa kam babu, don mai shagon ya rantse ba za a tayar masa da na'ura da faifan da bai sani ba. Wannan bai hana Mikail cika baki a majalisa ba. Kullum bayan la'asar sai an ji yadda kwamfuta za ta yi sallama.

Ana haka Alhaji Sule, tsohon dillali abokin mahaifinsa, ya kawo gwanjon kayan ofis daga Legas. Mikail ya tafi da Bahijja, ba don ya ji shawararta ba, don dai ta ga yadda ake sayen kaya.

Kwamfutoci huɗu ne a rumfar Alhajin da ke Kurmi. Uku irin na kowa da kowa ne, duk sun koɗe. Ta huɗun kuwa wata ƙatuwa ce mai ruwan toka, ta wani kamfanin zanen taswira, girmanta ya kai akwatin lefe. Mikail ya ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya, ya taɓe baki.

"Gwangwani," in ji shi.

Ya kama babbar, sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ƙwanƙwasa gefenta, ya kasa kunne. Fuskarsa ta washe.

Bahijja ta matso ta rage murya. "Yaya, ita wannan ƙwaƙwalwarta daban ce. Abin da ka rubuta na irin ƙananan nan ne. A bari mu sa faifan mu gani mana."

Alhaji Sule ya ji. Ya ajiye carbi. "Ɗan Isiyaku, ni za a gwada wa kaya? Shekara talatin muna ciniki da ubanka, bai taɓa kwance ɗaurin da na ba shi ba. Lafiyarta ƙalau."

"Haba Baba, wane ni! Yarinya ce, ba ta san kasuwa ba."

Yarinyar da ke da 'ya'ya biyu, kuma ita kaɗai ce a wurin da ta san inda ake kunna abin. Aka tafa hannu, Alhaji ya ce ya sallama. A Kurmi kuwa in an ce an sallama, magana ta ƙare, ba a dawowa da kaya.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a zauren gidansu, majalisa ta cika, aka aro janareto. Mikail ya sha babbar riga kamar mai walima. Ya kunna. Na'ura ta tashi da rugugi, allo ya haska tar. Dattijo bai yi ƙarya ba, lafiyarta ƙalau. Mikail ya zura faifai. Ta yi ƙar-ƙar, ta wuce harkarta da Turancinta. Ya kashe, ya sake. Ya hura faifan, ya goge shi da hannun riga. Sau bakwai ko gezau. Gumi ya jiƙa masa hula.

Da an yi masa dariya ma da ya fi sauƙi. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, wannan zai je gaisuwa, wancan ya tuna an aike shi. Ni da nake cikin 'yan majalisar, abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, amma haushin ya fi yawa.

Washegari Mikail ya samo bayani. Laifin na'ura ne, Turawa sun kulle ta don kada baƙin mutum ya ci gaba. Wannan zancen ya shekara yana yinsa.

Bahijja ba ta haƙura ba. Ta yi ta roƙon mai shagonsu har ya yarda a gwada sau ɗaya. Ta zo da murna ta same shi yana cin tuwo.

"Yaya, kawo faifan. Minti biyu ne, mu san ko yana aiki."

Mikail ya tsayar da loma. Ya san in abin ya ƙi tashi a can ma, babu sauran Bature da zai ɗora wa laifi.

"Bari sai na ƙara gyara wani wuri," in ji shi.

Ya yi ritaya yanzu, gemu ya yi fari, yana nan yana gyaran. Har yau Malam Mikail bai san ko abin da ya rubuta yana aiki ba.