Tabarmar Ciyayyar Baba

Tun ina yarinya a Kutama ban taɓa ganin Baba ya ci tuwo shi kaɗai ba. Ana idar da sallar magariba maƙwabta za su hallara a ƙofar gidanmu, kowa da akushinsa, a haɗa a ci tare. Ciyayya ke nan, kuma a kan tabarmar Baba ake yin ta.

Da tari ya kama shi ya ƙi saki, daga Gwarzo aka tura mu Kano. Ni na raka shi, don ƙannena maza duk suna kudu wajen nema. Likita ya ce ciwon daji ne a huhu. Ya ce gwajin jini ya kuma nuna wasu sinadarai da jiki ke buƙata 'yan kaɗan, irin su zinki, sun yi ƙasa sosai. Cutar tana cin jiki ta ciki kamar yadda tsatsa ke cin fartanya, sinadaran nan kuwa suna cikin masu tare ɓarnar.

"Abinci ba zai warkar da shi ba, Hajiya," in ji likitan, "amma in bai ci ba, ba zai jure magani ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, duk abin da ya samu."

Na tambaye shi ko ana ɗaukar cutar. Ya ce ko kusa.

Kafin mu dawo gida, unguwa ta gama yanke hukunci cewa tarin tibi ne. Ciyayya ta tashi ta koma ƙofar wani gida can gaba. Mutanen da suka tsufa suna tsoma hannu a miyar Baba, yanzu daga tsallaken hanya suke ɗaga masa hannu!

Na yafa mayafi na tafi wajen babban amininsa, na faɗa masa duk abin da likita ya ce.

"Ai 'yata, tari tari ne," ya ce da ni. "Likitocin nan ba komai suke faɗa ba. Muna dai yi masa addu'a."

Na dawo ina huci. Addu'a mun gode, amma wanda zai zauna ya ci da shi nake nema.

Kullum na dafa wake da kifi, sai Baba ya ce a kai masa waje. Ya zauna, akushi a rufe a gabansa, har a kira isha'i. In na leƙo na ce, "Baba, ko loma ɗaya," sai ya ce, "Bari su iso tukuna." Na gwada zama in ci tare da shi a ɗaki, ya kawar da kai. Ni ce 'yar farinsa, ko sunana ba ya kira don kunya, balle mu haɗa kwano.

Da muka koma Kano, likita ya duba shi ya ce ƙarfinsa ba zai ɗauki magani ba. Baba bai ga kakar bana ba.

Na san ciwon ne ajalinsa, ban ce maƙwabtan ne suka kashe shi ba. Amma har yau ban huce ba. Ranar sadakar uku, ragowar waken da na saya dominsa aka yi ƙosai da shi. Duk suka zo, babu wanda ya rage, suka cika tabarmar nan. A akushin Baba na zuba musu, da gangan. Suka cinye tas, amininsa ya aiko a ƙaro.